Ranar da Na Wanke Na'urar Kifin Yaya

Da Yaya zai tafi aikin Umara, ni ya bar wa amanar kifayensa na ruwan gishiri, da na'urar lantarki da ke tsotse dattin ruwan tana tarawa a kofi. Ya ce, "Ɗauraya kawai za ka yi, ka ji?"

Ni kuwa da na shaƙi warin kofin, na ce wannan ƙazanta ba a gabana ba. Na samo garin sabulu, na dirje na'urar tas, na mayar da ita cikin ruwan kifayen, ina yaba kaina.

Ana kawo wuta, na'urar ta tashi, kumfa ta malale falo. Matar Yaya ta kwashe kifayen a bokiti tana salati.

Kifaye sun rayu. Ni dai har yau a unguwarmu ta Gwallaga, gaisuwar da ake min ita ce, "Barka da fitowa, Sarkin Kumfa!"