Rasuwar Littafin Masrangar Mai Shuɗin Bango

Da zuciyar da baƙin ciki ya yi wa nauyi, Masrangar Tolnan, mataimakin matuƙin jirgin sama a Njamena, ke sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar littafinsa na rubuta awoyin tashi, mai shuɗin bango, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata a filin jirgin Faya, yana da shekara tara.

Marigayin ya tafi da awa dubu ɗaya da ɗari biyar da sha biyu a cikinsa. Da su ne Masrangar zai tsaya gaban kamfani ranar Litinin mai zuwa, ya nemi kujerar hagu, ta kyaftin, wadda ya yi shekara tara yana kallo daga dama.

Mai haƙuri ne, bai taɓa ƙorafi ba. Ya sha zufa, ya sha ɗigon shayi, ya kwana a jaka tare da safa. Muryarsa ba ta wuce "ƙaras" in an juya shafi, da "fat" in an rufe shi bayan sauka lafiya. Wannan "fat" ɗin ne mai shi ya fi kewa.

Ciwonsa ya samo asali ne daga bautar iyayen gida biyu. Masrangar na da lasisin gida, yana kuma da na ƙasar da ya yi karatu can kudancin Afirka. Hukumar gida na son awa da minti, ta can kuwa sai an raba mata kowace awa kashi goma. Tsofaffin matuƙa sun ce ya sayi littafi biyu ya huta, ya kafe. "Ni ɗaya ne, sama ɗaya ce. Don me zan raba rayuwata biyu?" Sai ya sayo alƙalami mai gogewa. In lokacin sabunta wannan lasisi ya zo, ya goge ya rubuta yadda suke so, in na wancan ya zo ya sake gogewa. Har alfahari yake da dabarar, bawan Allah.

Bai san zafi ne ke ɗauke irin wannan tawada ba. Ranar Talata ya manta da littafin bayan gilashin jirgi, cikin ranar Faya, tun hantsi har la'asar. Da ya buɗe, shafuka fari fat. Sa hannun malamansa kawai suka rage a gefe, suna shaidar layukan da babu komai a kansu.

An yi ƙoƙarin ceto shi. Wani makanike ya ce sanyi na dawo da tawadar, aka garzaya da littafin firizar Nenodji, matar Masrangar. "Baban Remadji, kwana ɗaya na ba ka," in ji ta tana matsar da kifi. "In ya fito da ƙarni, kada ka ce ni ce." Da ta ga idonsa, ta bar shi kwana uku.

Rubutun ya dawo. Amma bai dawo shi kaɗai ba: duk abin da Masrangar ya taɓa gogewa ya taso tare da shi, lissafin gida a kan na can, na bara a kan na bana, har babu layi ɗaya da ke karantuwa. A nan mai shi ya zauna ƙasa ya yi kuka, bai ɓoye ba.

Marigayin ya bar lasisi biyu marayu, da alƙalamin da ya yi ajalinsa, wanda iyali suka ce ba sa son gani.

Za a naɗe shi cikin tsohuwar taswira a sa shi ƙasan akwati ranar Asabar da safe, a gidan mai shi da ke unguwar Mursal. Za a ci gaba da karɓar gaisuwa har yammacin Lahadi. Ba a buƙatar sukari ko shayi. Roƙon Masrangar ɗaya ne: duk wanda ya taɓa shiga jirginsa, ko majinyacin da ya ɗauko daga ƙauye ne, ko mai rakiya, in ya tuna ranar da inda suka sauka, don Allah ya zo ya faɗa masa, ko ya samu ya sake haɗa awoyinsa.