Minti Goma Sha Ɗaya da Kakata Ta Warke

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Tsofaffi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ban yi kuskuren adireshi ba (na duba sau uku), ina miƙa godiya bisa warkar da kakata da jami'arku ta yi ranar Talata, daga ƙarfe 10:04 zuwa 10:15.

Ranka ya daɗe, shekarar Kaka tamanin da huɗu. Wata tara ke nan ni nake ɗaga ta, in yi mata wanka, in juya ta. Mun roƙi mai jinya ta rana ne saboda na samu aikina na farko bayan gama jami'a, zan fara ran ɗaya ga wata. Ga 'yan ƙorafe-ƙorafena cikin ladabi:

1. Baƙuwa kuka turo. Kaka ba ta taɓa yarda baƙo ya same ta a kwance ba. Tana jin sallama ta dafa bango ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta kawo ruwa da hannunta. Na ƙirga, taku bakwai ne. Kwana biyu ta yi bayan nan ko cokali ba ta iya ɗagawa.

2. Jami'ar ta tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi. Ranar da ta karye a ƙugu ma haka ta ce wa likita. Da na buɗe baki sai ta harare ni, ta ce wa baƙuwar kar ta biye mini, boko ne ya sa mini zuzuta abu.

3. Takardarku ta ce: “Tana kula da kanta, har da baƙi.” Sake dubawa sai bayan wata goma sha huɗu. Mai jinya ta kuɗi kuwa albashina take nema gaba ɗaya, da ƙarin kashi goma sha biyu cikin ɗari. Ko akwai fom ɗin da ake cikewa a samu ƙarin?

Roƙona shi ne ku sake turo jami'ar kafin ɗaya ga wata, amma ta zo da jakarta ta kwana uku. A wurin Kaka baƙunta ba ta wuce haka. Rana ta huɗu Kaka da kanta za ta ce wa jami'ar ta zo ta ɗaga ta, kuma ta gaya mata ba ta iya ɗagawar ba.

Taka mai biyayya har ƙasa,
Jikar Mai Lamba 4,116 a Layin Jira

Ƙari: Kaka ta ce a gaishe ku, wai lafiyarta lau. Don Allah kar ku rubuta.