Gimbiyar Jamaika da Na Ƙirƙira

Ba zan taɓa mantawa da ranar da gidan rediyo ya zo ɗakina a Tambuwal ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare, amma abin da aka fi sanina da shi a gari shi ne tsofaffin fayafayen garmaho. Na gaje su daga kawuna, wanda ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota tsakanin Sakkwato da Ikko. Akwati guda ya bari, cike da kiɗan Jamaika da na baƙaƙen Amurka: rege, ska, jaz da sauransu. Gara ta cinye yawancin kwalayen, rubutun jikin fayafayen ma ya goge. Wannan bai dame ni ba. Duk abin da ban sani ba sai in cike shi da kaina (mai koyar da taswira ne ni, kuma na san inda Jamaika take, me ya rage?).

A cikinsu akwai wanda na fi so. Kiɗa ne mai sauri kamar ana korar makaɗan, ga wata siririyar muryar mace tana bi ta kai. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma na yanke hukuncin cewa ska ne na asali, kuma mawaƙiyar 'yar masunta ce da teku ya cinye mata miji. Har suna na raɗa mata: Gimbiya. Shekara shida ina ba abokan aikina labarinta a ɗakin malamai, kullum yana ƙara tsawo. A shekara ta uku na ba ta 'ya'ya biyu.

Sai wata ma'aikaciyar rediyo daga Sakkwato, Malama Hadiza, ta ji labarina, ta ce za ta zo mu yi hira don shirinta na kayan tarihi. Na sa aka wanke mini babbar riga. Na gayyato shugaban makarantarmu da malamai huɗu, don su ga irin mutumin da suke raina wa hankali da jadawalin darasi.

Ranar ta zo daidai da ranar kasuwa. Muna zaune da hantsi, ta kunna rakodarta, sai ga sallama. Baba Bawa ne, tsohon abokin tuƙin kawuna, wanda ya koma noma a Kebbe. Ya kawo dawa kasuwa, ya biyo mu gaisa. Na gaishe shi a gurguje, na nuna masa tabarma kusa da ƙofa (a raina ina roƙon Allah kada ya yi tari ya ɓata mini hira).

Na yi minti ashirin ina zuba. Na bambanta ska da rege, na bayyana yadda iskar teku ke sirantar da muryar matan tsibiri. Shugaban makaranta yana gyaɗa kai. Sannan na goge faifan da hannun riga, na ɗora allura, Gimbiya ta fara.

"Ku saurara," na ce, na runtse ido. "A nan take kiran mijinta. Duk wanda ya san ska zai ji hawaye a wannan gaɓar."

"Malam," in ji Baba Bawa daga bakin ƙofa, "mi ya sami injin naka?"

"Lafiya lau yake, Baba."

"A'a, gudu shika yi. Wanga faifai ba haka munka san shi ba."

Kafin in yi magana ya taso, ya duƙa gaban garmahon, ya tura wani ɗan maɓalli da ke gefe, mai saita gudun faifai, daga lamba arba'in da biyar zuwa talatin da uku. Ni a iya sanina maɓallin nan ado ne. Tun da na gaji injin a haka na same shi, ban taɓa taɓa shi ba.

Kiɗan ya ja da baya kamar motar da ta hau tudu da lodi. Ganguna suka nutsu. Sai Gimbiyata ta buɗe baki da wata murya kamar ta bijimi a cikin rijiya.

"Yauwa," Baba ya ce, yana rausaya kai. "Ga shi nan. Ƙato na, mai gemu har ƙirji, akwai hotonai ga kwalin kafin gara ta ci. Kuma ba ska ba na, rege na, mai sanyi. Wani kwastomanmu a Ikko yaf fassara muna shi. Jakinai na yaƙ ƙi hawan dutse da kaya, shina lallashinai."

Ɗakin ya yi tsit, ban da ƙaton da ke lallashin jakinsa. Malamin lissafi ya fita waje, wai zai amsa waya, muna jin dariyarsa daga zaure. Shugaban makaranta ya tambaye ni a hankali, da fuskar ta'aziyya, "To, Malam, yaran nata biyu fa?"

Malama Hadiza ta juya rakodar daga gabana zuwa gaban Baba Bawa. Awa guda ya yi yana ba ta labarin shagunan fayafayai na Ikko da yadda direbobi ke musayarsu a tasha. Ni aka aika in kawo masa ruwa.

Na roƙe ta ta yanke wurin Gimbiya. Ta ce za ta duba. Shirin ya fito ranar Asabar, kuma da shi ta buɗe. Ranar Litinin ina shiga aji, wani daga baya ya yi kukan jaki, a hankali, cikin ladabi.

Da na koma gida na bi fayafayen akwatin ɗaya bayan ɗaya da maɓallin a inda ya dace. Rabin matan da na tara maza ne. Wani faifan jaz da nake ce wa busar sarewa, ashe ƙaho ne mai kauri.

Yanzu duk ranar kasuwa Baba Bawa yana zama a kan kujera, ni a tabarma da littafi da biro. Na koyi cewa kafin mutum ya yi wa jama'a bayanin abin da ke fitowa daga inji, ya kamata ya fara tambayar amfanin kowane maɓalli da ke jikinsa.