Ranar da Dakta Ganye Ya Hau Gawo

Ba kowace ma'aikata Allah yake yi wa irin wannan baiwa ba. Wasu su samu rijiyar burtsatse, wasu sabon janareta, amma wannan ma'aikata mai bishiyoyi ɗari da 'yan kai a harabarta sai ta samu Likitan Bishiyoyi guda sukutum.

Da can shi ne mai riƙe makullin sito, yana gadin tsintsiya da bokiti. Sai aka tura shi bita ta kwana uku a wani otal, saboda ciwon haƙori ya kwantar da wanda ya kamata ya je. Kwana uku cur! Ranar farko rajista da rabon jaka, ranar ƙarshe ɗaukar hoto, a ta tsakiya kuwa aka ɗura musu ilimin bishiya kaf, tun daga saiwa har ƙololuwa. Ya dawo da kwali mai zanen ganye a gefe, ya sa shi a gilashi, ya rataye inda duk wanda ya shigo ofis sai ya gaishe da kwalin kafin ya gaishe da mai shi. Masu aikin lambu suka raɗa masa Dakta Ganye. Shi kuwa da ya ji, rabin farko kawai kunnensa ya kama, ya ce yaran nan sun fara sanin girman mutane.

Wajen kiyaye lafiya babu na biyunsa. Hular kwano ba ta barin kansa ko a cikin ofis, ƙarƙashin fanka. Farar riga har gwiwa, biro uku a aljihu, safar hannu wadda ƙura ba ta taɓa yi wa rashin kunya ba. Bai taɓa faɗowa daga bishiya ba, ko sau ɗaya, kuma yana yawan faɗin haka. Mahassada ne kawai suke ƙarasa zancen.

Abin da yake ci masa rai a duniya mutum ɗaya ne, wani dattijo da ake kira Baba Mai Igiya. Shekara ashirin da bakwai Baba yana hawa bishiyoyin nan yana rage musu rassa. Yakan ƙwanƙwasa gindin itace da ƙotar gatari ya gaya maka ko akwai rami a ciki. In reshe ya sunkuyo kan wayar lantarki, mutane su wuce ƙofar Dakta, kwali na kallonsu, su tafi suna tambayar ina Baba. Ina dalili! Mutumin da ko jakar bita bai taɓa ratayawa ba?

Sai Dakta ya zauna ya rubuta doka, ya kai wa Hajiya shugabar ma'aikata ta sa hannu, ya manna a bakin ƙofa da manyan baƙaƙe: duk wanda ba shi da takardar shaida mai hatimi, kada ya kuskura ya taɓa bishiya a harabar nan. Masu hawan bishiya su shida za su zauna jarrabawa a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya faɗi ya ajiye igiya ya ɗauki tsintsiya. Da Baba za a fara.

Shekara biyu ta rage wa Baba ya yi ritaya. Ranar an gan shi zaune bayan sito yana shafa igiyarsa, abincinsa a rufe har ya huce. Tsoro ne ya kama shi, tsoron ya ƙare aikinsa yana share ganyen bishiyoyin da shi ya raine su.

Ranar jarrabawa damina ta yi tsakiya, ko'ina kore shar. Dakta ya gayyato Hajiya da duk ma'aikata don su ga yadda ake aiki da ilimi. Ya ja su zuwa bakin ƙofar shiga, inda wani ƙaton itace yake tsaye tsirara, babu ganye ko ɗaya, babban reshensa ya miƙa kan rumfar da Hajiya take ajiye mota. Ya gyara hula, ya zaro biro.

"Dattijo, tambaya ta farko kuma ta ƙarshe. Wace cuta ce ta kashe wannan itace?"

Baba ya ɗaga kai ya duba, ya sauke. "Ranka ya daɗe, lafiyarsa ƙalau. Gawo ne. Da damina yake zubar da ganye, in ruwa ya ɗauke sai ya yi kore. Haka Allah ya yi shi."

Dakta ya yi dariya irin ta manyan masana, wadda ake yi ta hanci.

"Kun ji ko? Ranki ya daɗe, kin ji abin da nake fama da shi? Itace ya ga ruwa ya zubar da ganye! A wane littafi? Wannan cuta ce mai tsanani wadda muke kira bushewar jijiya ta ciki, kuma ta kai mataki na huɗu. A ilmance wannan itace gawa ne, sunansa ma ya kusa faɗin haka. Wannan reshe da kike gani, yau ko gobe, ko ma kafin in rufe baki, zai iya rufto wa motarki."

Ya rubuta "bai ci ba" a takardar Baba, ya ja layi biyu a ƙasa, ya ninke ya sa a aljihu. Baba ya kwance igiya daga kafaɗa ya ajiye a ƙasa a hankali.

Hajiya ta dubi reshen, ta dubi motarta. "To Dakta, tunda abin ya kai haka, a sare reshen yanzu."

"Daidai, ranki ya daɗe. Kai, ku zo mutum biyu."

"A'a," in ji Hajiya, tana nuna takardar da ke manne a ƙofa. "Ai su ba a yi musu jarrabawa ba tukuna. Baba kuma ya faɗi. Kai kaɗai ne mai kwali a gidan nan."

Dakta ya yi bayani mai gamsarwa cewa likita duba marar lafiya yake yi, hawansa aikin wasu ne. Hajiya ta ce ita dai doka ta sani, kuma da hannunta ta sa mata hannu. Kafin ya nemo wata hujja an kawo tsani, an miƙa masa zarto. Abin mamaki, ma'aikatan da ake cewa ba sa ba shi haɗin kai, ranar har rige-rige suke wajen riƙe masa tsani.

Ya hau, a gaskiya ya hau. Ya taka har matakin ƙarshe, ya ɗora ciki a kan reshen, ya ja jiki ya haye. A nan ilimi ya ƙaru, domin a bita ba a gaya musu gawo yana da ƙaya ba. Farar riga ta maƙale ta baya, wando ya maƙale ta inda ba a faɗi. Sai ya yi kuskuren duban ƙasa. Zarto ya suɓuce, hular kwano ta bi bayansa ta gangara har gaban Hajiya. Dakta ya rungume reshen da hannu da ƙafa, ya runtse ido, yana laluben tsani da yatsan ƙafa, tsani kuwa yana can nesa da inda yake nema.

"Baba!" Muryar ta fito siririya. "Baba, don girman Allah!"

Baba ya matso, ya tsaya taku biyu daga gindin itacen, hannunsa a baya. "Ranka ya daɗe, ba ni da izinin taɓa shi."

"Na ba ka!"

"Dokar ta ce takarda."

Sai da Dakta ya yi salati uku kafin ya iya sakin hannu ɗaya. Ya zaro takardar, ya danne ta da haɓa a jikin reshe, ya soke "bai ci ba", ya rubuta "ya ci" da rubutu kamar sawun kaza, ya sake ta. Baba ya bari ta sauka, ya ɗauka ya kai wa Hajiya. Ta karanta ta ce ai babu hatimi. Aka aiki masinja ofis, kuma masinjan nan mutum ne mai ciwon gwiwa, ba a sa shi gudu. Dakta ya zauna a sama minti goma sha biyar yana nazarin marar lafiyarsa kusa da kusa.

Da hatimi ya hau takarda, Baba ya ninke ta ya sa a aljihun gaba ya maɓalle. Ya ɗauki igiyarsa ya karkaɗe mata ƙasa, ya cilla ta kan reshen sama, kafin a ce me, ya isa wurin Dakta. Ya cire wa Dakta ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ya zarga masa igiya a hammata, ya ƙulla. To, a aikin hawa akwai ƙa'ida: ba ka sauko da komai daga sama sai ka faɗa wa na ƙasa abin da ke zuwa, ɗanyen reshe ne mai nauyi ko wanda ba shi da komai a ciki, don su san yadda za su tare. Baba yanzu ƙwararre ne mai takarda, ba zai fara da karya ƙa'ida ba. Ya ɗan jijjiga igiyar ya ji nauyin kayan, ya leƙo ƙasa, ya ɗaga murya yadda har na ofis za su ji:

"Ku matsa kaɗan! Holoƙo ne, mutum ɗaya ma ya isa ya tare!"