Rasuwar Goggo Agnes, Talabijin ɗin Gidan Makela

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da kuma wani tsoro da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ni Lorne Makela nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta na nan Thunder Bay rasuwar talabijin ɗin gidanmu, wadda aka fi sani da Goggo Agnes. Tsoron kuwa shi ne zama ɗaki ɗaya da mahaifina Toivo babu wani abu mai magana a tsakaninmu. Ba mafaɗaci ba ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shiru ne da shi, irin wanda kan sa mutum ya riƙa jin ƙarar haɗiyar yawunsa.

Marigayiyar ta riga ni zuwa gidan nan. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ita ta raɗa mata sunan wata goggonta wadda ba ta taɓa barin kowa ya ƙarasa zance ba. Ƙatuwa ce mai ƙeya, sai ƙarti biyu suke ɗaga ta. Idan an kunna ta takan yi "ɗum", ta yi ɗan tsaki, sannan hoto ya fito a hankali kamar mai jin kunyar baƙi. Tashoshinta kaɗan ne, kuma wannan ne babban alherinta: abin da ta kawo, shi kowa zai kalla, ko yana so ko ba ya so.

Tun da aka binne mahaifiyarmu, duk wata magana da ta shiga tsakanina da Baba ta bakin Goggo Agnes ta bi. A gabanta ya yanke hukuncin cewa mai hasashen yanayi maƙaryaci ne, kuma matarsa ba ta ƙaunarsa, tunda ta bar shi ya fito da irin wannan rigar. A gabanta muka yi saɓani a kan wata yarinya 'yar garin Halifax da aka kora daga gasar waƙa. Ni na ce an zalunce ta, shi ya ce muryarta ta fi dacewa da kiran kare. Masu tsaron gida a wasan hoki na kan ƙanƙara kuwa, babu wanda ya tsira daga bakinsa. A gasar toya kek ne kaɗai yake ambaton mahaifiyarmu. Duk wanda kek ɗinsa ya zauna, sai Baba ya ce ai leƙen tanda ne ya ja masa, ita ba ta taɓa buɗe tanda kafin lokaci ba. Daga nan ya yi shiru, ni ma in yi, Goggo ta rufa mana asiri da tallan sabulu.

Ranar da na karɓi difilomata ta aikin na'urorin ɗumama gida, bai ce mini komai ba a wurin bikin. Da yamma Goggo tana nuna shirin masu gyaran gidaje, ya nuna wani mai haɗa bututu da cokalinsa, ya ce: "Wannan bai san aikinsa ba. Da kai ne da ka fi shi." Iyakar taya murnar ke nan, kuma ta ishe ni.

Game da ciwon ajalinta, wajibi ne a faɗi gaskiya, domin na ji ana yaɗa cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Gab da Kirsimeti yayata Aila ta zo da mijinta Duncan Prevost, suka ce falo ya yi cunkushe, ba inda za a kafa bishiyar Kirsimeti da dogon tebur. Aka ɗauki Goggo aka kai ta gareji, ta kwana kusa da injin kwashe dusar ƙanƙara cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Washegarin Kirsimeti, da lokacin wasan hokin matasa ya gabato, Duncan ya tuna da ita. Suka shigo da ita ɗaki mai ɗumi, nan take gumi ya tsattsafo a fuskarta.

Na ce a yi haƙuri, ina ganin zai fi kyau a bar ta ta huce ta bushe tukuna, domin gumin da ke waje yana ciki ma. Duncan ya yi dariya, ya ce: "Farfesa, talabijin ce, ba jaririya ba. Matsa, ana gab da farawa." Aila ta ce, auta, kai komai sai ka mai da shi jarrabawa. Duncan ya jona ta. Ta yi "ɗum" ɗinta na kullum, sai wani siririn "tsiii" da ban taɓa ji ba, sai "fat". Warin ƙonanniyar roba ya gauraye da ƙanshin ragowar talotalo.

Daga nan aka shiga ba da haƙuri, sana'ar da muka fi iyawa a ƙasar nan. Duncan ya ba Baba haƙuri, ya ba ni, ya ba karenmu da ya taka garin ja da baya. Aila ta ba da haƙuri a madadinsa. Har ni na ji bakina yana ba shi haƙurin ɓata masa wasa. Babu haƙurin da ya kunna ta. Sun ƙarasa kallon wasan a wayar Duncan, kawuna a haɗe, Baba yana zaune a kujerarsa yana duban gilashin da ya mutu.

Marigayiyar ta bar tsoho guda da ɗansa, da kujeru biyu masu fuskantar bango, da shatin ƙafafunta a kan darduma. Ta bar rimot wanda aka ɗaure murfinsa da salatif. Ta kuma bar wani ɗan allo mai shafe-shafe da Aila ta aiko a madadinta, tare da abin sauraro na sawa a kunne, wai yanzu kowa sai ya kalli abin da ransa ke so ba tare da ya dami wani ba. Aila ba ta gane cewa damun juna shi ne duk abin da muke da shi ba. Baba yana ɗora kofin shayinsa a kan allon.

Tun rasuwar muna cin abinci ana jin ƙarar cokula. Shekaranjiya da safe na same shi tsaye a taga yana kallon maƙwabcinmu Malam Sutherland yana kwashe ƙanƙarar ƙofar gidansa. Ba tare da ya waiwayo ba ya ce: "Dubi wannan. Yana kwasa kamar mai shafa man shanu a burodi." Na ɗauki rigar sanyina na tafi aiki. Duk yinin ranar amsoshi suna ta zuwar mini, bayan sun daina amfani.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a wurin karɓar matattun kayan lantarki na gari. Za a ɗauke ta a bayan motar Baba, lulluɓe da bargon da mahaifiyarmu ta saƙa, wanda za a dawo da shi gida. Ba a buƙatar furanni. Masu niyyar kawo taliya da cuku, mun gode, firij ya cika. Duncan na iya halarta, amma ba zai kama ko kusurwa ɗaya ba.

Maƙwabtan da ke layinmu kuma su kwana da sanin cewa daga ranar Asabar ana kallon yadda suke kwashe ƙanƙara, da yadda suke ajiye mota, da fitilun Kirsimetin da suka ƙi saukewa. Jiya Aila ta bugo waya tana tambayar girman sabuwar talabijin ɗin da za su saya mana. Baba yana zaune a gefena. Na ɗaga murya yadda zai ji, na ce:

"Yaya, kada ku kawo komai. Idan mun dawo daga jana'iza, zan juya kujerun nan biyu su fuskanci taga."