Wuyan Fok ɗin Dogo

Duk wanda ya taɓa hawa sirdin keke ya kamata ya gode wa Allah da Ya raya shi a zamanin Shugaba. Shi ne shugaban ƙungiyar masu keken tsere, shi ne kakakinta, shi ne kuma mai ba shugaban shawara. 'Yan ƙungiya suna kiransa Farfesan Feda. Da ya ji, sai ya ɗauka girmamawa ce, har ya sa aka ɗinka masa sunan a bayan riga. Kekensa ya fi na kowa sheƙi, don ba ya wahalar da shi: ranar fita, a mota Farfesa yake bin jama'a, yana leƙo kai ta taga yana gyara musu zama. A ofishinsa akwai kanta cike da kofuna da lambobin yabo. Duk ƙungiya ce ta ba shi, kuma duk shi ya ba da umarnin a bayar.

Dogo, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa cin kofi ba. Kullum shi ne na ƙarshe, saboda ba ya iya wuce wanda ya gaji. Amininsa Gajere ya fi kowa sanin haka, don shi ne mai gajiyar. Sai Dogo ya rage gudu, ya ɗora masa tafin hannu a gadon baya, yana tura shi yana cewa, "Taka mana, ɗan guntu, ko sai na goya ka?"

Wata rana Dogo ya faɗa rami, fok ɗin kekensa, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ya lanƙwashe. Tsohon keke ne, an daina yin irin kayansa, sai da ya sha nema kafin ya samu sabo guda. Bai kai ga ɗaurawa ba ciwo ya kwantar da shi, bai kuma tashi ba.

Da ƙungiya ta shirya fita don tunawa da shi, 'yarsa Auta, wadda ta ɗauko tsawonsa kaf, ta ce ita kam a kan keken babanta za ta fita. Labari ya kai kunnen Farfesa.

"Ba wani bakanike da zai taɓa keken nan!" in ji shi. "Marigayi ɗalibina ne. Ni zan yi da hannuna."

Ya iso rumfar da Dogo ke ajiye kekuna da farar safar hannu da sabon zarto. Gajere ya ciro fok ɗin daga kwali. Shi sabon fok da dogon wuya yake zuwa. Ana zura wuyan ta cikin gangar keke, a bar abin da maƙalin hannun keken zai kama a sama, sannan a yanke ragowar. In an yanke, an yanke ke nan. Can sama a wuyan, Gajere ya ga jan salatif an naɗe shi a karkace. Naɗin Dogo ne, mutumin da ko ɗan kwalin kyauta bai iya naɗewa daidai ba. Ashe ya riga ya auna inda za a yanka. Gajere ya shafa wurin da ɗan yatsa.

Farfesa ya karɓa, ya ɓare salatif ɗin, ya yar.

"Marigayi mutumin kirki ne, amma aune-aune ba fanninsa ba ne. Wannan aikin ilimi ne. Ni da ido nake awo."

Ya kwance hannun keken da maƙalinsa, ya ajiye a kan benci, ya kife hular kwanonsa a kai. Ya zura fok, ya ja layi daidai bakin gangar, ba ragi ko na ƙwayar gero.

"Ranka ya daɗe," in ji Gajere a hankali, "ai kamar layin Dogo ya fi nan sama..."

"Gajere, baƙin ciki ne ke magana da bakinka. Zauna ka huta. Auta, ɗauke ni hoto ta wannan gefen."

Kai, a faɗi gaskiya, yankan ya yi kyau. Santal, ba gargada. Farfesa ya hure garin ƙarfen, ya share gumi, ya ɗaga hularsa daga kan benci, sai ga hannun keke kwance yana jiran inda zai zauna. Ya ɗora maƙalin, ya zame. Ya sake ɗorawa, ya faɗo ƙasa, ƙararrawar keken Dogo ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru.

"Kamfanonin yanzu ba sa tsoron Allah," in ji Farfesa. "Dubi guntun wuyan da suka yi masa!" Ya gyara murya. "Amma dama na yi nazari. Keke irin wannan bai kamata kowa ya sake hawansa ba. Rataye shi za a yi, don girmamawa. Na yanke shawara."

Gajere ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya tsinci jan salatif ɗin, ya sa a aljihun ƙirjinsa. Auta ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki guntun bututun da aka yanke, ta miƙa wa Farfesa da hannu biyu.

"Baba Shugaba, riƙe wannan. Kada ka manta da aikin da ka yi mana."

Idanun Farfesa suka kawo ruwa. Ya ce yarinyar nan akwai tarbiyya.

Ranar fita, Gajere ya ɗaga sirdin ɗan kekensa har ƙarshe ya ba Auta. Ta tafi gwiwoyinta suna kusan dukan haɓarta, tana can baya tare da waɗanda suka gaji. Shi kuwa Gajere ya zauna a motar Farfesa, hannunsa a kan aljihu, yana sauraron labarin Farfesa na yadda ya koya wa Dogo keke.

Guntun bututun yana nan a kantar Farfesa, a tsakiyar kofuna, an yi masa gindin katako ana goge shi. Kuma ya cancanci wurin. A duk abin da ke kantar nan, shi kaɗai Farfesa ya samu da guminsa.