Mannar da Na Ɓoye a Jakar Coci

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da na tsaya gaban jama'a ina koya musu dogara ga Allah, alhali shaidar rashin dogarata tana rataye a kafaɗata.

Lokacin wata huɗu ke nan da rasuwar maigidana. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar Tudu a Accra zuwa arewa. Ciwon kwana tara ya yi. Ba zan tsawaita a kan wannan ba. Ya bar ni da 'yan mata biyu, Saratu da Lami, a ɗaki guda cikin wani gidan haya a unguwar Nima, da keken ɗinki wanda hannuna ya ƙi komawa kansa.

A zango, in an yi rasuwa, maƙwabta ke dafa wa gidan makoki abinci na 'yan kwanaki, ba a tambayar addininka. Na kowa ya tsaya bayan mako guda, ban da na Hajiya Memuna, mai gidanmu, wadda ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a ƙofar gida. Kowace safiya da kanta take kawo ƙunshi uku a cikin ganye.

"Maman Saratu, karɓa," take cewa. "Bar doguwar godiyar nan, abinci zai huce."

Maimakon hankalina ya kwanta, sai tsoro ya shige ni. Kullum ina cewa a raina, wata rana za ta gaji. Sai na fara ɓoyewa. Yara su cinye nasu, ni in ci rabin nawa, in sa sauran a tukunya a ƙarƙashin gado, wai don gobe. Gobe ta zo da nata ƙunshin, na jiya ya yi yami, in lulluɓe shi da gefen zane in kai kwata in zubar kamar mai aikata laifi. Washegari kuma in sake. (Na san babu hankali a ciki. Ko a lokacin ma na sani.)

Ikilisiyarmu ƙarama ce, muna taruwa a wani ajin makaranta a Maamobi. Yawancinmu 'yan arewa ne masu harsuna daban-daban, Hausa ce ta haɗa mu. Wata Lahadi aka yi godiyar haihuwa, aka raba shinkafa da kifi da dafaffen ƙwai. Na ƙulle nawa a baƙar leda, na tura cikin jakar coci, na ja zif. Ina fitowa Mama Rifkatu, uwar zumuntar mata, ta riƙe hannuna.

"'Yata, Lahadi mai zuwa ranar mata ce. Ke za ki ba da darasi. Isra'ilawa a jeji, da manna."

"Mama, ni? Bakina bai dawo ba tukuna."

"Shi ya sa na zaɓe ki."

Ranar Litinin da safe waya ta shigo daga ƙauye. Yaya Iliya ne, wan maigidana. Bayan gaisuwa ya ce zai iso Asabar. A wajenmu 'ya'ya na dangin uba ne. In aka ga gwauruwa ba ta iya riƙonsu, ana iya kwashe su a mayar gida. Bai ɓoye mini ba. "Zan zo in gani da idona," ya ce, "ko yaran nan suna ƙoshi."

Daga wannan lokaci ban sake sanin inda kaina yake ba. Na wanke ɗaki, na yi wa yara kitso, na kwashe tukwanen ƙarƙashin gado na ƙanƙare su. Na hana Lami yin tari a gaban baƙo. Darasin kuwa a babban Littafi Mai Tsarki na maigidana na shirya shi, wanda ba ya fita daga ɗaki don bangonsa ya saki. Nawa ƙarami yana cikin jaka. Jakar kuma tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, kusa da hularsa, wurin da idona ba ya son zuwa. Ko sau ɗaya ban tuna da ledar nan ba. Kwana bakwai, cikin zafin Accra.

Ran Lahadi muka kama hanya, Yaya Iliya a gaba, yara a tsakiya, ni a baya da jaka. Na ji wani ɗan wari yana bin mu. Amma wanda ya san babbar kwatar Nima ba ya neman mai laifi da nisa. Har na ce da ƙarfi, "Kai, kwatar nan yau ta yi yawa." Muka wuce kwata, wari bai wuce ba. A cikin coci na ga matar da ke gefena tana matsawa kaɗan-kaɗan. Ni kuwa na dinga hararar ƙafafun wani dattijo da ya cire takalmi a gabanmu. (Allah ya gafarta mini. Bawan Allah bai yi komai ba.)

Aka kira ni. An shimfiɗa wa tebur farin leshi na ranar mata. Yaya Iliya na zaune a benci na farko, ya ɗora hannu biyu a kan gwiwa, yana kallona kamar mai duba akuya a kasuwa. Na ƙudura sai ya ga mace tsayayya. Na ɗaga murya fiye da yadda na saba.

Na ba da labarin yadda mutanen suka fito daga bauta suka shiga jejin da ba gona ba kasuwa. Yadda suka yi gunaguni, Allah ya sauko musu da abinci kowace safiya, aka ce kowa ya ɗebi na yini ɗaya kawai. Jama'a suna cewa amin. Da na ji amin ta yi yawa sai na ƙara gishiri.

"Amma akwai masu taurin kai!" na ce, har da nuni da yatsa. "Akwai waɗanda suka ga hannun Allah da safe, duk da haka suka ɓoye don gobe. Da gari ya waye me suka tarar? Tsutsa da wari! 'Yan'uwa, wane irin rashin bangaskiya ne wannan? Bari in karanta muku."

Na ɗora jaka a kan leshi. Na ja zif.

Abin da ya fito ba zan iya kwatanta shi ba. Mai buga ganga da ke kusa ya miƙe tsaye. Wata 'yar Kumasi ta kira sunan Ubangiji da yarensu, "Ei, Awurade!" ta toshe hanci da ɗankwali. Ni kuwa, maimakon in rufe, ruɗewa ta sa na fizgo littafin. Ledar ta manne da bangonsa, ta biyo shi, ta faɗi a tebur ta fashe. Ga abin da ya taɓa zama ƙwai. Ga ƙayar kifi. Ga kuma tsutsotsi farare, ƙosassu, suna bazuwa a kan leshin Mama Rifkatu kowace ta kama gabanta.

Sai Kaka Hannatu, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a cikinmu, ta ɗaga sandarta daga baya.

"Madalla da yarinyar nan! Har misali ta kawo mana mu gani da ido!"

Wasu suka fara tafi. Wallahi tafi. Mama Rifkatu ta dube ni, ta ɗan gyaɗa kai, kamar tana cewa ga ƙofa, ki fita. Da na ce haka ne, da na tashi da suna. Na dubi Yaya Iliya. Na san in na faɗi gaskiya zai ji cewa matar ƙanensa tana ɓoye abinci kamar ɓera, zai ce yunwa ce a gidan, gobe war haka ina tashar mota ina ɗaga wa 'ya'yana hannu. Na dubi Saratu. Ba ta cikin masu tafin. Ita ta sha ganina ina durƙusawa a bakin gado da tukunya.

"Ba misali ba ne," na ce. Muryata ta koma ƙarama. "Nawa ne. Na makon jiya. Tun da ya rasu nake ɓoyewa. Tsoro nake ji."

Iyakar wa'azin ke nan. Mama Rifkatu ta naɗe leshin da abin da ke ciki ta fita da shi da kanta, aka buɗe tagogi, wata ta ɗauko waƙa.

Da muka isa gida, Yaya Iliya ya ƙi shiga ɗaki, ya zauna a benci a tsakar gida. Na durƙusa a gefe ina jiran hukunci.

"Tun da ƙanena ya tafi," ya ce, "rana nawa yaran nan suka wuni ba su ci ba?"

Na buɗe baki in yi rantsuwa, sai na tsaya na duba da gaske. Na bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya.

"Babu, Yaya. Ko ɗaya."

"Wa ke kawowa?"

Kafin in amsa sai ga Hajiya Memuna, labari ya riga mu isowa (a Nima labari ba ya jiran mota). Ta tsaya a kaina da ludayi a hannu.

"Maman Saratu! Ni ina tashi da asuba ina dafawa, ke kina kiwon tsutsa da shi? In kiwo kike so ki faɗa, in saya miki kaza!" Ta juya wajen Yaya Iliya. "Baba, sannu da zuwa. Yaran nan a gidana aka haife su. Ran da tukunyata ta ƙafe, zo ka ɗauka."

Yaya Iliya ya ce bai yanke komai ba. Zai bar su zuwa kaka, in an gama girbi ya dawo ya sake dubawa. Na so ya ce har abada. Bai ce ba. Zuwa kaka kawai aka ba ni, na karɓa.

Ya dawo da kaka, ya tarar da ni a kan keke ina ɗinka kayan makaranta, ya ce sai wata kakar. Haka muke har yau.

Sunan da na samu a ikilisiya kuwa ya zauna daram: Maman Manna. Ba zan ce tsoron ya tafi duka ba, yana leƙowa. Abin da na koya dai shi ne, Allah bai taɓa makara da abincin safe ba, ni ce nake nema ya biya ni na gobe tun yau. Kuma duk ranar Asabar ina zazzage jakata a rana, kafin in je in nuna wa Isra'ilawa yatsa.